Wane Hairhan?

Tun daga nesa na san motar nan ba alheri ta kawo ba. Motar baƙo takan bi hanya, ta rage gudu kusa da dabbobi, ta tsaya can wajen turken dawaki a yi kira a kama kare. Wannan kuwa ta ratso ta tsakiyar ciyawa, ta tarwatsa mini awaki, ta zo ta ja birki a bakin tanti kamar gidan ubanta. Na ce wa mijina Namjil, "Ga gwamnati nan." Ya ce yaya aka yi na sani. Na ce wa zai tattake ciyawar mutane haka in ba wanda bai da ko akuya ba.

Yarinya ce ta fito, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, da farin takalmi da jaka a kafaɗa. Ta ce sunanta Zula, daga ofishin filaye na gunduma. Da za ta shigo ta taka dokin ƙofa. A nan ba a yin haka, kuma na gani. Na zuba mata shayin madara da gishiri, na tura mata farantin busasshen cuku. Ba ta tambayi lafiyar dabbobi ba, ba ta tambayi ko damina ta yi mana kyau ba, sai kawai ta zaro takarda.

Ni shekarata sittin da ɗaya, kuma na san halin takardar gwamnati. Wata ta zo a zamanin iyayena ta tattara dabbobinsu ta ce na kowa da kowa ne. Wata ta zo ina goyon ɗana na biyu ta rarraba su, mu aka tura mana ramammun. Wata ta zo tambayar yawan garke wai za a kawo ciyawar agaji, ciyawa ba ta zo ba, haraji ya zo. Saboda haka da Zula ta buɗe baki, na riga na rufe nawa.

Ta ce ana ba wani kamfani fili a kwarinmu zai noma alkama, kuma kafin a yanka masa, gwamnati na son ta rubuta mashekarin hunturu na kowane makiyayi, ta ba shi takardar shaida, don kada garma ta shiga. Magana ce mai daɗin ji, shi ya sa ban yarda da ita ba. A ganina wanda zai ɗauke maka abu sai ya fara tambayar inda ka ajiye shi.

Mashekarinmu yana bayan dutsen da ake gani daga ƙofar tantinmu na damina, a wani lungu da iskar arewa ba ta samun hanyar shiga. Kakan Namjil ne ya fara jera duwatsun garke a wurin, ya kewaye makwancin dabbobi da su. Tun daga lokacin, kowane hunturu tumaki na kwana a kai suna kashi, ya bushe, ya danne, na bana ya hau kan na bara, har ya zama in ka haƙa sai ka nutse zuwa ƙugu kafin ka taɓa ƙasa. Wannan takin shi ne katifar dabba. Ƙasa kan daskare ta yi tauri har gatari ya kasa ta, shi ba ya daskarewa, tunkiya takan kwanta a kai cikinta da ɗumi. Shi ne kuma shaidarmu. Duk wanda ya ga taki mai kauri a gindin dutse ya san wurin da mai shi, ko da kuwa ba kowa a nan wata bakwai.

"Yanjma guai, ina mashekarin naku yake?" in ji Zula. Yanjma sunana ne, guai kuma kalmar girmamawa ce da ake yi wa manya.

"Inda yake bara."

Ta yi 'yar dariya. "Sunan wurin nake so in rubuta."

Ƙofa a buɗe take, dutsen yana tsaye yana kallonmu. Ba a kiran sunansa a gabansa, kamar yadda mace ba ta kiran sunan surukinta. Hairhan muke ce masa, wato babba abin ƙauna, kuma duk dutsen da mutanen gindinsa ke jin nauyinsa haka suke ce masa. Wannan ko yaron goye ya sani a nan.

Na ce, "Gindin Hairhan."

"Wane Hairhan?"

"Hairhan nawa kika sani, 'yar nan?"

Ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja. Ta ciro wata faffaɗar waya tana jan taswira da yatsa, can sai ta ce, "Af, ga shi nan ma." Namjil, da yake shi ko kura ce ta shigo sai ya miƙa mata garin taba, ya ce, "'Yata, ai ba nisa. In ɗauke ki a babur ki gani da idonki, kafin shayi ya huce sau biyu mun dawo." Na take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ita ma ta ce gida ashirin da bakwai suka rage mata, kuma direba ya ce man da aka ba su ba zai kai ba in suka yi ta kewaye duwatsu. Namjil ya sa hannu, ta kurɓi shayin sau ɗaya, suka tafi ta kan ciyawar da suka zo.

"Tsohuwa, me ya sa kika hana ni?" in ji Namjil.

"Ka kai ta ta auna takin ta ce a biya masa haraji? Kai dai ba ka da wayo."

Bayan wata guda takarda ta iso, da jan hatimi da sunan Namjil da wasu dogayen lambobi guda biyu da ba wanda ya san amfaninsu. A sama an rubuta Hairhan. Namjil ya soke ta a bayan hotunan iyayensa a kan akwati yana ta murmushi. Ni kuwa na zauna jiran abin da zai biyo bayanta, don na tabbata akwai.

Abin da ya zo Gombo ne. Ɗan ƙanin uban Namjil ne, dabbobinsa suka ƙare a mugun hunturun nan na shekara shida baya, yanzu shi ne mai gadin kamfanin alkama. Ya zo a ƙarshen damina da buhun dankali a bayan babur, ya sauke a bakin ƙofa ya ce tsaraba ce. Gombo tun da nake da shi bai taɓa kawo wa wani ko ƙwayar alewa ba. Ya zauna yana juya kofi, yana kallon murhu, yana kallon rufi, ko'ina ban da fuskarmu.

"Yaya Namjil, bana ina za ku yi hunturu?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Inda muka saba mana."

"Hmm," in ji Gombo. "To. Haka ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni dai ɗan'uwa ne. Ko ba a gaya mini komai ba, ɗan'uwa ne."

Ya tashi ya tafi bai shanye shayinsa ba. Na zazzage buhun a ƙasa na duba dankalin ɗaya bayan ɗaya, ban san me nake nema ba. Na ce wa Namjil mutumin nan ya ci wani abu a kanmu, wannan dankalin kuma ragowarsa ce. Namjil ya ce ni ko rana ta fito sai na tambayi wa ya aiko ta. Na ce ya hau babur ya je ya leƙa mashekarin. Ya ce ana tsakiyar yankan ciyawa, dutse kuma ba ya tafiya. Na yi ta mita kwana biyu, sannan aikin ciyawa ya sha kaina ni ma na bari.

Sai da ganye ya yi ruwan ɗorawa, ƙanƙara ta fara kama bakin rafi da safe, muka hau babur mu biyu don mu gyara duwatsun garke kafin ƙaura. Muna kewayo kafaɗar dutsen Namjil ya taka birki har na bugi bayansa. Wayar shinge ce a gabanmu, sabuwa fil, an ja ta daga gindin dutsen har inda ido ya ƙare. Bayanta duk an kifar da ƙasa, baƙa ƙirin. Duwatsun garken kakansa an ture su gefe guda an tara. Inda takin yake kuwa rami ne mai faɗi, an kankare shi har ƙasa, ga sawun katafila nan a ciki.

Namjil ya sauka ya kama wayar da hannu biyu. Ya tsaya yana kallon ramin. Ni kuwa na ji kamar an shiga tanti an yaye mana shimfiɗa muna kwance. Sai ga Gombo ya taho daga wata 'yar rumfar kwano yana gyara hula.

Na ce, "Nawa suka ba ka, maci amana? Dankali nawa ne kuɗin kakanka?"

"Ni? Ni za ki tambaya?" Ya buga ƙirji. "Ku da kuka sayar a ɓoye ko sallama ba ku yi wa dangi ba! Na zo har gida na ba ku dama ku faɗa mini, kuka yi ta raina mini hankali, wai inda muka saba."

"Wa ya ce maka mun sayar?"

"To in ba ku sayar ba, me ya hana sunanku fitowa a taswira? Na kowa ya fito, an kewaye masa. Nan wurin fari fat yake, ba mai shi. Manaja ya ga takin ya ce a kwashe a watsa a gona. Tipa ta yi kwana huɗu tana ɗiba, ina tsaye ina kallo, ina cewa ashe haka Yaya Namjil yake."

Namjil ya ce a hankali, "Muna da takarda."

"To ku kai ta inda aka ba ku," in ji Gombo. Amma muryarsa ta riga ta sauka, ya cire hular ya riƙe a hannu.

Washegari muna ƙofar ofishin gunduma kafin a buɗe. A hanya na gama tsara yadda abin ya faru: yarinyar ta karɓi na goro a hannun kamfani, ta ba mu takardar bogi, shugaban gunduma ya samu kasonsa, Gombo kuma aka toshe masa baki da aiki. Na ajiye takardar a teburin Zula na ce ta karanta mini ƙaryar da ta rubuta. Ta shigar da dogayen lambobin nan a na'urarta, ta juyo mini da fuskarta. Wani jan ɗigo ya fito a jikin wani dutse da ban taɓa gani ba.

"Ga filinku nan, Yanjma guai. Gindin Hairhan."

"Wannan ina ne?"

"Gabas da nan, tafiyar kilomita sittin. Shi kaɗai ne Hairhan a taswirar gundumar nan."

Namjil ya matso ya duba. Ya san wurin, ya taɓa bin ɓataccen doki can. Ya ce tsakuwa ce zalla, kuma tana fuskantar arewa, ko kerkeci ba ya kwana a wurin. A nan ofis dutsenmu ba ya ganinmu, don haka na faɗi sunansa na gaskiya. Zula ta nemo shi, ta dube ni, ta rufe baki da hannu.

"Amma ke kika ce Hairhan. Na tambaye ki wanne."

"A gabansa kike so in kira sunansa? Ke ba a haife ki a ƙasar nan ba ne?"

"A birni na girma," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Na san ana yi, amma da na ga sunan a taswira…"

"Da kika gani sai kika rubuta daga kan kujerata. Ba a ce ki je ki tsaya a wurin da ƙafarki ba? Albashin me kike ci?"

Ba ta musa ba. Ta ce doka ta ce a je, amma mai na kwana biyu aka ba ta na aikin mako uku. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Namjil guai ya ce zai kai ni." Na ji zafin maganar nan har tafin ƙafata. Namjil bai dube ni ba, kuma da ya dube ni da ya fi mini sauƙi.

Shugaban gunduma ya ji hayaniya ya fito, ya shigar da mu ofishinsa, ya sa aka kawo shayi, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa yana tsoron maganar ta wuce gunduma. Ya ce kuskure ne na aiki kuma za a gyara. Ya buga wa manajan kamfani waya, suka daɗe suna magana. Da ya ajiye ya ce kamfani ya yarda ya janye wayar shingen daga wurin, amma da sharaɗi: kwamiti zai je har can, mai mashekarin ya tsaya a wurin a ɗauke shi a waya, ya faɗi sunansa, da sunan dutsen kamar yadda yake a taswira, da shekarun da suka yi a nan. Wai don kada gobe wani ya sake zuwa da wani Hairhan ɗin.

Manajan nan ɗan kwarinmu ne, na san uwarsa, na san inda aka yanke masa cibi. Ya san abin da yake nema. Ko lauyansu ne ya tsara, ko shi ne ya zauna ya lissafa cewa tsofaffin nan ba za su iya buɗe baki ba, har yau ban sani ba. Na fi zargin na biyun.

Ranar da aka sa, mota biyu suka zo. Shugaba, da manaja cikin rigar fata, da Zula riƙe da waya, da Gombo a can gefe. Iska na kaɗawa da sanyi. Aka tsayar da Namjil a bakin ramin, dutsen a bayansa. Ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa. Ya ce shekara tamanin da wani abu. Zula ta ce, "Sai sunan dutsen, Namjil guai." Ya buɗe baki ya rufe. Ya waiga ya dubi dutsen, ya sunkuyar da kai, ya girgiza shi.

Manaja ya duba agogo. "To, shugaba, ka gani dai. Mu mun yi namu."

Na ture Namjil gefe na tsaya a wurinsa. Na ce ni matarsa ce, shekara arba'in da ɗaya ina kwashe ƙanƙara a garken nan, kuma bakina ne ya ɓatar da wurin. Na juya wa dutsen baya na faɗi sunansa. Zula ta duba wayar ta ce iska ta cinye muryar, in yi haƙuri in sake da ƙarfi. Na sake, da ƙarfi, har na ji ya dawo mini daga jikin duwatsu. Gombo ya toshe kunnuwansa. Namjil ya riga ya yi nisa, yana tafiya wajen babur. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba zan rubuta sunan a nan ba.

Suka yanke wayar shingen suka ja ta baya taku ɗari da hamsin. Shugaba ya miƙa mini hannu yana cewa ga shi gwamnati ta cika alkawari. Na nuna masa ramin na ce, "Takin fa?" Ya dubi manaja, manaja ya dubi gonarsa. Shugaba ya ce takarda fili ta ambata, ba ta ambaci abin da ke kansa ba, amma zai rubuta wa na sama. Zula ta tsaya bayan sun shiga mota, ta ce za ta nema mana buhunan ɓuntun alkama mu shimfiɗa. Na ce ta kawo in gani. Ta kawo kuwa, buhu goma sha biyu a motar haya, kuma ko kwata na garken ba su rufe ba.

Muka mayar da duwatsun da hannu, ni da Namjil da Gombo, kwana tara. Muka yi ƙaura ana gobe dusar ƙanƙara ta farko. Sanyi na gaske ya sauka a mako na biyu.

Da safe na fita da bokiti na tarar da tumakin a tsaye. Duk garken, sun cure wuri ɗaya, ƙanƙara ta yi fari a gadon bayansu, ƙafafunsu na rawa. Sun kwana a haka, ba su yarda da ƙasar ba. Guda ɗaya ce ta kwanta, tsohuwar tunkiya mai baƙin kai da ke jan garke, wadda aka haifa a wurin. Tana ɗago kai tana kuka, ta kasa tashi, gashin cikinta ya daskare ya manne da ƙasa.

Na kira Namjil. Ya fito ya durƙusa a gefenta, ya zaro wuƙa yana yanke gashin a hankali, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Na riƙe mata kai a cinyata. Hunturu saura wata huɗu, kuma duka tumakin nan da ciki suke.